Layin Dogon Da Ya Tsaya A Ƙauran Namoda

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kware da sassafe zai ga manyan motoci ɗauke da siminti da albasa sun nufi Illela, wasu kuma sun juya kudu. Abin da ba zai ji ba shi ne kukan jirgin ƙasa. Yaran da aka haifa a nan Sakkwato da yawa sun girma ba su taɓa ganin taragu da idonsu ba, alhali kuwa layin dogo ya doso mu tun zamanin kakanninmu, sai ya tsaya a hanya.

Jirgi ya isa Kano a 1911. Garin Zariya kuwa sai ya zama mararraba. Daga can Turawa suka ja wani ɗan siririn layi, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, ya isa a 1914. To amma da aka haɗa Jos da Kafanchan da babban layi a 1927, sai kuza ta koma bin hanyar Fatakwal. Ɗan siririn layin ya yi ta ja da ƙyar har aka rufe shi a 1957. Ƙauyukan da suka saba sayar wa fasinja abinci a bakin tasha suka wayi gari ba jirgi. Wato dai Bature ba don zumunci ya shimfiɗa dogo ba, inda kaya suke can yake bi.

Haka aka yi da namu. Layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, tafiyar fiye da kilomita 200. Auduga da gyaɗa ake nema, ƙasar Zamfara da kudancin Katsina kuwa nan ne gidansu. Da aka kai inda kayan suke, sai aka ajiye diga.

Gusau ce ta ci riba. Garin da a da bai kai Sakkwato komai ba ya samu gidan gurzar auduga da kantunan Turawa, daga baya ga masaƙa ga kamfanin matsar man gyaɗa. Sabon Gari ya tashi kusa da tasha, ma'aikatan reluwe da akawuna daga kudu da tsakiyar ƙasa suka zauna da iyalansu. Mu kanmu mun san ikkilisiyoyi da dama a garuruwan bakin dogo sun fara ne daga taron addu'ar irin waɗannan ma'aikata. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, ba a yi wata doguwar gardama ba kan inda hedkwata za ta zauna.

Sakkwato fa? An kafa kamfanin siminti na Kalambaina a 1962, ya fara aiki a 1967. Siminti kaya ne mai nauyi, irin wanda aka yi jirgin ƙasa dominsa, amma tun daga buhun farko a bayan mota yake fita. Kuɗin man motar nan da na gyaran taya, mai ginin ɗaki ne ke biyansu a kan kowane buhu. Hanyar Gusau kuwa ta sha nauyi, ta kuma ci rayuka, kowa a cikinmu ya san gidan da aka je wa ta'aziyya.

An sha yin maganar jan layi daga Ƙaura zuwa Sakkwato har Illela, bakin iyakar Nijar. A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, amma ta Daura da Katsina da Jibiya aka zana shi. Ba ƙyashi muke yi wa Katsinawa ba, Allah ya sa su amfana. Sai dai a ganina hujjar 1929 ta faɗi. Idan kaya dogo ke bi, to yanzu akwai kaya a Sakkwato: siminti, albasa, shinkafa, fatu da dabbobi. Masu wakiltarmu a Abuja su zo Ƙofar Kware da asuba su ƙirga motocin da kansu.