Koala da Naman Kaza: Itace Guda Ke Riƙe da Kowannensu

Jama'a manoma, wannan mako za mu kwatanta halittu biyu na ƙasashe masu nisa, domin akwai darasi a cikin labarinsu.

Na fari shi ne koala, wata dabba ta ƙasar Ostareliya. Masana sun sa shi cikin dabbobi masu shayarwa, a rukunin masu jaka a ciki, watau dangin kangaru. Uwa takan haifi ɗanta bai fi ƙwayar wake ba, sa'an nan ya shige jakar, ya yi wajen wata shida yana shan nono. Abincin koala kuwa ganyen itacen turare ne, irin wanda ake dasawa a ƙasarmu.

Na biyu wani naman kaza ne na kurmi, wanda mutanen Japan ke kira matsutake, suna kuwa sayensa da tsada ƙwarai. Da can akan lissafa naman kaza cikin tsire-tsire, amma a 1969 aka ware masa jinsi dabam, domin ba shi da koren ganyen da zai haɗa abinci da hasken rana. Shi matsutake jikin saiwar itacen da Turawa ke kira fayin yake maƙalewa, yana ba itacen ruwa da sinadaran ƙasa, itacen na ciyar da shi. Har yau ba a iya noma shi a gona ba.

To, ga su ba dangi ba, amma ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke neman ƙarewa ta sa su aji ɗaya, ajin masu rauni: koala a 2016, matsutake a 2020. Saran daji da cuta da gobara, musamman ta 2019 zuwa 2020, sun rage koala, har a 2022 gwamnatin Ostareliya ta ɗaga shi zuwa ajin masu haɗari a gabashin ƙasar. A Japan kuwa wata tsutsa ƙanƙanuwa ce ta yi ta kashe itatuwan fayin, naman kazan ya yi ƙaranci.

Watau in itace ya faɗi, ba shi kaɗai ya faɗi ba. Saboda haka kafin ka ɗora gatari a kan gawo ko ɗorawar da ke gonarka, tsaya ka duba abin da ke ci daga gare ta, sama da ƙasa. In kuwa ya zama tilas ka sare, dasa wata tun daminar bana.