JARRABAWAR ƘARSHE TA NAS-NAS DA YADDA AKE JIRAN SAKAMAKONTA

Sau biyu a kowace shekara, watau cikin watan Mayu da watan Nuwamba, dubban ɗalibai masu koyon aikin jinya a duk faɗin Nijeriya sukan zauna wa jarrabawa iri ɗaya, wadda sai wanda ya ci ta ne ake yi wa rajista a kira shi nas. Masu koyon aikin ungozoma kuwa tasu takan zo cikin Maris da Satumba. Daga cikin ɗaliban nan akwai 'ya'yan Mubi da na garuruwan da ke kewaye da ita, kamar su Maiha da Michika da Hong, waɗanda iyayensu suka tura Yola ko Maiduguri ko wani gari mai nisa neman wannan ilmi. In an gama jarrabawa sai ɗalibi ya ɗaure kayansa ya komo gida ya zauna jira, kuma sau da yawa jiran nan ya fi zaman jarrabawar kansa nauyi a zuciya.

An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa jama'a dalilin jarrabawar, da yadda ake yin ta, da abin da ya kamata ɗalibi da iyayensa su yi kafin sakamako ya fito da kuma bayan ya fito.

DALILIN KAFA JARRABAWAR

Tun zamanin mulkin Turawa hukuma ta ga bai kamata a bar kowa ya riƙa taɓa majiyyaci da sunan jinya ba tare da an gwada saninsa ba. A shekarar 1930 aka kafa dokar ungozomomi, a 1947 kuma aka kafa dokar yi wa nas-nas rajista. Kowace doka tana da hukumarta dabam, har zuwa 1979, lokacin da Mubi take cikin Jihar Gongola, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta haɗe hukumomin biyu da Doka ta 89, ta kafa Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya. Wannan Majalisa, mai hedkwata a Abuja, ita ce ke amincewa da makarantu, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita kuma ke riƙe da littafin rajistar nas-nas na ƙasa. Duk wanda ya kira kansa nas alhali sunansa ba ya cikin littafin nan ya karya doka.

Amfanin wannan tsari ga talaka a fili yake. Mutumin da ya ɗauko ɗansa daga wani ƙauye a gindin duwatsun Mandara ya kawo shi asibiti a Mubi ba shi da hanyar da zai gwada sanin wadda za ta yi wa yaron allura. Bai san makarantar da ta yi ba, bai san malamanta ba. Jarrabawar Majalisa ita ce ta yi masa wannan gwaji tun kafin ya iso. Alal misali, maganin yara bisa nauyin jikinsu ake auna shi. In nas ta goce da ɗigo ɗaya wajen lissafi, tana iya ba yaro ninki goma na abin da likita ya rubuta. Saboda haka tsananin jarrabawar kariya ce ga majiyyaci.

DARASIN DA AKA KOYA A LASSA

Kariya ce kuma ga ita nas ɗin kanta, kuma mutanen ƙasar Mubi ba su bukatar a kai su nesa neman misali. Arewa da Mubi kaɗan, cikin Jihar Borno, akwai garin Lassa. A watan Janairu na 1969 wata nas Ba'amurkiya mai suna Laura Wine, wadda ke aiki a asibitin mishan na garin, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Jos, a can ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan yanka a yatsa sa'ad da take goge mata baki, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, sai da aka kai ta Amurka sa'an nan ta rayu. Daga nan aka raɗa wa cutar suna zazzaɓin Lassa.

Waɗannan mata ba sakaci suka yi ba, cutar ce ba a san ta ba a lokacin. Amma yau an san ta, an san ɓera ke ɗauke da ita, an kuma san tana bi ta jini da sauran ruwan jikin majiyyaci. Don haka idan mai jarrabawa ya tsaya yana duban yadda ɗalibi ke wanke hannu, da yadda yake sa safar hannu, da inda yake jefa allurar da aka yi aiki da ita, abin da aka koya da asarar rayuka yake dubawa.

YADDA JARRABAWAR TAKE

Ba a shiga wannan jarrabawa daga gida. Wajibi ne ɗalibi ya kasance a makarantar da Majalisa ta amince da ita, kuma makarantar ta aika da sunansa tun farkon karatu aka ba shi lamba. Sai ya cika shekarun horo a aji da ɗakunan majiyyata, ya kuma ci jarrabawar share fage wadda makarantarsa ke shiryawa, sa'an nan a gabatar da shi.

Jarrabawar kashi biyu ce. Kashi na farko na tambayoyi ne, wanda a da ake amsawa da alƙalami, yanzu kuwa a kan kwamfuta ake yinsa. Kashi na biyu na aikin hannu ne, inda ɗalibi ke bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya, a kowace tasha ya aikata abin da aka umarce shi cikin 'yan mintoci a gaban mai jarrabawa, kamar auna zafin jiki da bugun jini, ko wanke rauni, ko gyara wa majiyyaci kwanciya. Majalisa ce ke naɗa masu jarrabawar. Makin ci kuwa hamsin ne bisa ɗari.

Abin lura a nan shi ne, ba gasa ake yi ba. Ba a ƙayyade yawan waɗanda za su ci ba, cin wani kuma ba ya rage rabon wani. Duk wanda ya kai makin ya wuce.

Sakamako yakan ɗauki makonni kafin ya fito, domin sai an tattara maki daga dukan cibiyoyin ƙasa, an haɗa na tambayoyi da na aikin hannu, an duba, sa'an nan Majalisa ta amince a fitar. Jinkiri ba alamar faɗuwa ba ce.

MENE NE KE KAWO FARGABA?

Ɗaliban jinya sun karanta wannan a aji, sai dai mutum yakan manta da karatunsa in abu ya zo kansa. Idan ƙwaƙwalwa ta hango hatsari, takan aika da saƙo ga wasu ƙananan halittu biyu da ke bisa ƙoda, su kuwa su zuba wani sinadari mai suna adarenalin cikin jini. Nan da nan zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, baki ya bushe, tafin hannu ya yi gumi, ciki ya murɗa. Wannan shiri ne na gudu ko na faɗa, kuma yana da amfani ga manomin da ya yi kiciɓis da maciji a gona. Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta maciji da tunanin sakamako. Maciji yakan wuce cikin minti guda, tunani kuwa yana iya kwana ya wuni da mutum har makonni. Daga nan rashin barci da rashin cin abinci da saurin fushi ke fitowa.

Akwai kuma wata al'ada ta zuciya da ya kamata a sani. Bayan jarrabawa mutum ya fi tuna tambayoyi biyar da suka ba shi wuya a kan hamsin da ya amsa cikin sauƙi. Shi ya sa sau da yawa ɗalibi kan fito yana ganin ya faɗi, sakamako kuma ya zo ya ƙaryata shi. Abin da mutum ke ji a bakin ɗakin jarrabawa ba ma'auni ba ne.

ABIN DA YA KAMATA ƊALIBI YA YI

Na farko, ya rufe littafi. Komawa ana binciken amsoshin da aka riga aka bayar ba ya ƙara maki ko ɗaya, sai dai ya ƙara ɗacin rai. Haka nan zama da abokai ana ƙidayar kurakurai.

Na biyu, ya ba yininsa tsari. Wanda ya yi jarrabawar Mayu zai tarar da damina ta kama, ana shuka da noman farko. Wanda ya yi ta Nuwamba zai tarar ana girbin dawa da roron wake da gyaran gyaɗa. Aikin gona, ko taya iyaye zaman shago a kasuwa, ko koyar da ƙanne, duk sun fi zaman ɗaki da waya a hannu. Aikin ƙarfi yana rage zullumi, yana kuma kawo barci. Amma kada ɗalibi ya soma yi wa maƙwabta allura ko ƙarin ruwa da sunan ya gama makaranta, domin doka ba ta ba shi wannan izini ba tukuna.

Na uku, ya kiyaye barcinsa. Ya kwanta ya tashi a kan lokaci ɗaya kullum, ya rage goro da shayi mai kauri da kofi daga la'asar. Lalle ya nisanci ƙwayoyin sa barci da tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi tun watan Mayu na 2018.

Na huɗu, in gaba ya faɗi, ya zauna ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya fitar da shi a hankali fiye da yadda ya ja, ya maimaita na 'yan mintoci. Dogon fitar da numfashi yana rage gudun zuciya.

Na biyar, ya faɗa wa wani abin da ke damunsa, ko uwa, ko yaya, ko malami. Musulmi da Kirista kowa ya riƙe ibadarsa, domin wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya miƙa sauran ga Allah ya fi samun natsuwa.

Idan kuwa rashin barci da ƙin abinci da baƙin ciki suka wuce mako biyu, lalle a ga likita. In har ɗalibi ya soma zancen gara mutuwa, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Wannan ciwo ne mai magani, ba abin kunya ba ne, kuma akwai Asibitin Tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa a Maiduguri in ana bukatar ƙwararru.

HATTARA DA 'YAN DAMFARA

A irin wannan lokaci ne macuta ke yawo ta waya da ta WhatsApp, suna cewa sun ga sunan ɗalibi cikin waɗanda suka faɗi, amma za su gyara in an aika da kuɗi. Sukan bugo wa ɗalibai da yawa. Wanda ya ci da ƙoƙarinsa sai ya zaci su suka yi masa, wanda ya faɗi kuwa kunya ta hana shi kai ƙara. Kada a ba kowa ko sisin kwabo. Bayan asarar dukiya, neman a sauya maki laifi ne a ƙarƙashin dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999. Sakamako na gaskiya daga Majalisa da shugabannin makaranta kaɗai yake fitowa.

IDAN SAKAMAKO BAI YI KYAU BA

Shekaru da yawa ƙa'ida ita ce wanda ya faɗi sau uku a kore shi daga horo, kuma tsoron wannan kora shi ne babban tushen fargabar ɗalibai. Daga watan Satumba na 2025 Majalisa ta soke wannan ƙa'ida. Wanda ya faɗi wani kashi zai sake zama wa kashin da ya faɗi har ya ci, muddin ya ci gaba da zama a makarantarsa, ya kuma halarci aƙalla kashi 80 bisa ɗari na darussa da aikin asibiti. Ba a rage makin ci ba, ƙofa ce aka bari a buɗe.

Saboda haka wanda bai yi nasara ba ya koma wurin malamansa da wuri, ya nemi sanin inda ya gaza, ya soma gyara tun daga ranar. Watanni shida ne tsakanin jarrabawa da jarrabawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

NAUYIN DA KE KAN IYAYE

Iyaye da yawa sun sayar da amfanin gona, wasu sun kai sa ko tunkiya kasuwar dabbobi ta Mubi, domin biyan kuɗin makaranta. Ɗalibi ya san wannan sarai, kuma shi ne rabin nauyin da ke ransa. Tambayarsa safe da yamma ko sakamako ya fito ba ta gaggauta fitowarsa. Kamata ya yi kuma a dakata da kiran yarinya "Nas" a gaban baƙi, ko shirya walima, sai labari ya tabbata. Abin da ya fi kome amfani shi ne uba ko uwa su faɗa wa ɗansu tun kafin sakamako ya fito cewa ko ya ci ko bai ci ba, gidan nan gidansa ne. In ya faɗi, a yi masa jaje kamar yadda ake yi wa manomin da fari ya taɓa, a taimake shi ya koma. Gori da gwada shi da 'ya'yan maƙwabta ba su taɓa ƙara wa kowa maki ba.

BAYAN AN CI

Cin jarrabawa bai kammala aiki ba. Wajibi ne a nemi rajista da lasisi daga Majalisa kafin a kama aiki, kuma akan sabunta lasisin kowace shekara uku bayan an halarci horon ƙarin sani.

Ƙasa tana bukatar kowane ɗaya daga cikinsu. A farkon 2024 Majalisa ta bayyana cewa nas-nas fiye da 15,000 suka bar Nijeriya zuwa ƙasashen waje cikin 2023 kaɗai. Ƙasar Mubi, wadda ta sha wahalar rikicin 2014 sa'ad da jama'a suka watse daga gidajensu, ta fi wurare da yawa sanin darajar ma'aikacin jinya wanda ya iya aikinsa, ya kuma ji harshen majiyyacinsa, ko Hausa ne, ko Fulatanci, ko Gude, ko Fali, ko Margi. Majiyyacin da ke kwance ba ya tambayar nas sau nawa ta zauna jarrabawa. Abin da yake bukata shi ne hannun da ya san abin da yake yi. Wanda ya ci a karo na farko ya gode wa Allah ya kama aiki da amana, wanda kuwa sai ya sake, ya tuna sannu ba ta hana zuwa.