Bayan An Yanke Ƙafar Mai Ciwon Suga, Ta Ina Magani Zai Bi?

Idan likita ya yanke yatsa ko wani sashe na ƙafar mai ciwon suga, da sauran rina a kaba. Abin tsoro shi ne mikin ya ruɓe, ruɓar ta kama ƙashi ta haura, a koma ɗakin tiyata a ƙara yankewa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, ko shansa aka yi ko a jijiya aka ɗura, jini ne ke kai shi wurin. Ciwon suga kuma hanyoyin jinin ƙafa yake toshewa.

A wurinmu, in ba a yi allura ba kamar ba a yi magani ba. Amma binciken OVIVA da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2019, a kan mutum fiye da 1,000 masu cutar ƙashi da gaɓoɓi, ya nuna cewa ƙwayar sha, in likita ya zaɓe ta da kyau, ba ta gaza ta jijiya ba. Wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa makonni a asibiti, ga kuɗin gado ga gona ba mai dubawa, ya san girman wannan sauƙi.

Akwai hanya ta uku. Tun shekarun 1970 likitocin Jamus ke kwaɓa maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna gentamicin da simintin ƙashi, su mulmula shi ƙanana, su jera a siririyar waya kamar carbi, su cusa cikin miki. Maganin yana tsatsafowa da ƙarfi a inda ake bukata, ba tare da ya wahalar da ƙoda sosai ba, ga shi dama sau da yawa ƙodar mai suga a gajiye take. Sai dai simintin ba ya narkewa, yawanci sai an sake buɗewa an ciro. Na zamani, da ake yi da calcium sulfate, yana narkewa cikin makonni, ko da yake yakan sa mikin tsiyayar ruwa. Dabarar ta burge ni, amma ƙa'idojin 2023 na ƙungiyoyin likitoci na IWGDF da IDSA ba su ba da shawarar amfani da ita ba, don hujja ba ta wadata ba. Cewa suka yi in an cire ruɓaɓɓen ƙashi tas, maganin 'yan kwanaki ya isa; in an ga saura a bakin yankan, a kai har mako 3.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu sayo kafso a kemis su farke su barbaɗa a miki. Wannan ba ya ratsa ƙashi, taurin kai kawai yake koya wa ƙwayoyin cuta. Kafin a yi gardamar allura ko ƙwaya, a nemi likita ya auna ko jini na sauka ƙafar.