Aikin aboka: hanyar da samarinmu suke bi

 Yau hirarmu bisa aikin aboka take, wanda waɗansu ke ce ma lauya. Iyaye da yawa suna da ɗiya masu karatun doka a jami'a. Suna tambaya: yaushe yaron nan zai fara aiki? Mi zai samu? To, bari mu bi hanyar daki-daki.

Wane ne aboka?

Aboka ba alƙali ba ne. Alƙali ma'aikacin gwamnati ne, shi ke yanke hukunci. Aboka ba ya yanke hukunci, kuma ba ya cin albashin gwamnati. Aikinshi shi ne ya ba mutum shawara, ya tsaya mashi gaban shari'a, ya yi magana a madadinshi. Wanda ya ɗauke shi, shi ke biyan shi. Namiji yana yin wannan aiki, mace ma tana yi.

Karatu nawa ake yi?

Ku ƙirga tare da mu. Yaro zai yi shekara 6 a ƙaramar lakwal, 4 a kwaleji, 3 a lise, ya samu BAC. Shekara 13 ke nan. Sannan ya shiga jami'a, kamar ta Abdu Mumuni a Yamai ko ta Tawa, ya yi shekara 3 ya samu lisansi, ya ƙara 2 ya samu masta. Sun zama 18.

Har yanzu bai zama aboka ba. A shekarar 2014 ƙasashe 8 na ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, sun yi doka guda bisa wannan aiki. Dokar ta ce sai mutum ya ci wata jarrabawa da ake kira CAPA. In ya ci, ya sa baƙar riga, ya yi rantsuwa gaban kotun ɗaukaka ƙara. Daga nan ya shiga koyon aiki, wato sitaj, har shekara 3. Jimla 21, in bai faɗi aji ko sau ɗaya ba.

Ƙaƙa ake koyon aikin?

Kun san yaron tela. Ba ranar da ya zo ake ba shi shadda ya yanka ba. Haka sabon aboka yake. Yana zama a ofishin wani babban aboka, shi ne maigidanshi. Yana karanta takardun shari'a, yana binciken abin da doka ta ce, yana rubutu maigida ya gyara. Ana aiken shi kotu. Ana aiken shi gidan kaso ya ji ta bakin wanda aka tsare. Ƙananan shari'o'i ake fara ba shi. Abin da ake biyan shi a wannan lokaci ba shi da yawa, kuma kowane ofis da nashi hali.

In ya ƙare, ina zai nufa?

In ya ƙare, za a rubuta sunanshi cikin littafin ƙungiyar aboka ta ƙasa. Shugaban ƙungiyar shi ake kira batoniye. Daga nan hanya ta rabu.

Ta farko, ya tsaya wurin maigidanshi ko ya koma wani ofis, yana aiki ana biyan shi. Ta biyu, in ya daɗe kuma an yarda da shi, ya zama abokin tarayya, ana raba riba da shi. Ta uku, ya buɗe nashi ofis. Wannan tana da daɗin faɗi, amma tana da nauyi: kuɗin haya, wuta, littattafai, albashin sakatare, ga lanho. In mutane ba su san shi ba, sai wata ya ƙare ba wanda ya shigo.

Wanda ya karanta doka ba dole ne ya zama aboka ba. Banki, kamfanin tarho, kamfanin haƙar ma'adinai da ƙungiyoyin agaji duk suna ɗaukar masana doka. Wani kuma ya yi jarrabawar shiga aikin alƙali.

Ina aikin yake?

Yawancin ofisoshin aboka a Yamai suke, don can manyan kamfanoni da bankuna suke. Can ne kuma kotun kasuwanci ta fara aiki a 2016. Dokar kasuwancinmu ɗaya ce da ta ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993. Yaron da ya ƙware a wannan doka, ofisoshi suna neman shi.

Amma a Maraɗi, Damagaram da Tawa ma akwai bukata: rikicin gona, gado, bashi, ciniki. Aboka sun yi kaɗan a can. A 2011 gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ don taimakon talakan da ba shi da halin ɗaukar mai kare shi. Takardun kotu da Faransanci ake rubuta su. Saboda haka saurayin da ya iya yi ma manomi bayani da Hausa ko Zabarmanci, yana da abin da mutane ke nema.

Gargaɗi

Iyaye, kada ku ɗora ma yaro kaya tun yana koyon aiki. Ganin baƙar riga ba ganin kuɗi ba ne. Ku yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa.

Samari, jarin aboka shi ne amana. Doka ta hana shi tona asirin wanda ya ɗauke shi. In ya ci amana, ƙungiya tana iya soke sunanshi, wahalar shekara 21 ta tafi banza.

Ku kuma masu shari'a, ku yi hankali da ƴan kamasho da ke yawo bakin kotu suna cewa su aboka ne. Ku je ofis. Ku yi ciniki tun farko. In kun biya, ku karɓi rasit, ku karanta shi da kanku, tunda yanzu kun iya.

Ga tambayoyi, ku tattauna da malaminku:
1. Mi ya bambanta aboka da alƙali?
2. Shekara nawa ake koyon aiki?
3. Don mi ake karɓar rasit?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.