Diclofenac: Yana Kashe Ciwo, Amma Ciki da Ƙoda Ke Biyan Kuɗin

Idan likita ya rubuta wa mutum diclofenac, yakan ƙayyade masa kwanaki, biyar ko bakwai, ya ce idan ciwon bai lafa ba a dawo. Matsala takan fara ne ranar da kwanakin suka cika. Mai ciwon gwiwa ya ji daɗin maganin, sai ya adana kwalin. Duk sanda ciwo ya motsa, ya aiki yaro kemis da shi: "Ka ce a ba ka irin wannan." A haka wata shida ya wuce, shekara ta zagayo, har ya fara ɗibar wa maƙwabta.

Ba mugun magani ba ne. Tun 1973 da kamfanin Ciba-Geigy na Suwizalan ya fitar da shi da sunan Voltaren yake taimakon masu amosanin gaɓɓai, ciwon baya, targaɗe da ciwon haƙori. Shi da danginsa, wato ibuprofen, naproxen, piroxicam da indomethacin, aikinsu iri ɗaya ne: suna hana jiki ƙera wasu sinadarai da ake kira prostaglandin, waɗanda ke haddasa kumburi da raɗaɗi. Sai dai waɗannan sinadaran ba aiki ɗaya kawai suke yi ba. Su ne ke sa tumbi ya fitar da yauƙin da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, su ne kuma ke buɗe hanyoyin jini zuwa ƙoda. Ƙwayar ba ta san gwiwa kaɗai aka aike ta ba.

Shi ya sa wanda ya daɗe yana sha kan kamu da gyambon ciki, wani lokaci ma ba tare da ya ji zafin ciki ba, sai dai jini ya riƙa tsiyaya a ɓoye. Alamar da ya kamata kowa ya sani ita ce bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, ko aman jini, ko jiri da farin ido. Wanda ya ga haka ya daina sha nan take, ya nufi asibiti, kada ya jira gari ya waye. Shan maganin bayan cin abinci yana rage tashin ciki, amma ba ya kawar da haɗarin gyambo, domin ta cikin jini ɓarnar ke zuwa. Don haka ne likita kan haɗa wa tsofaffi da omeprazole. Allurar diclofenac ma ba ta kuɓutar da kowa ba, duk da yadda mutanenmu suka yi imani da cewa allura ta fi ƙwaya tsabta.

Batun ƙoda kuwa ya fi shafar mu, mazauna ƙasar zafi. Ɗan dako da ya wuni yana zufa a ranar Afrilu, manomi a gona, mai azumi, mai gudawa da amai, duk jikinsu ya yi ƙarancin ruwa, ƙodarsu na aiki da ƙyar. A irin wannan hali diclofenac na iya durƙusar da ita cikin 'yan kwanaki. Haɗarin ya ninka ga mai ciwon suga, mai sikila, da mai hawan jini da ke shan lisinopril ko losartan tare da maganin sa fitsari. Wani abin mamaki: a Indiya da Pakistan ungulaye sun yi ta mutuwa daga shekarun 1990 har wasu nau'o'insu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, daga baya aka gano ƙodarsu ce ke lalacewa idan sun ci mushen shanun da aka yi wa allurar diclofenac. Indiya ta haramta ba dabbobi shi a 2006.

Akwai waɗanda bai kamata su kusance shi ba. A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a ba wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko mai raunin zuciya. A 2020 takwararta ta Amurka ta gargaɗi masu juna biyu su guji wannan dangin magani daga mako na 20, domin yana iya taɓa ƙodar jariri ya rage ruwan mahaifa. Wasu masu asma kuma yakan tayar musu da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne "haɗi", wato ƙwayoyi uku ko huɗu da ake ƙulle wa mai ciwon jiki a leda ba suna ba kwali. Sau da yawa za ka tarar diclofenac ne da piroxicam, a ƙara da prednisolone. Sauƙin ba ya ƙaruwa, haɗarin zubar jini ne ke ƙaruwa. Sunayen kasuwa ma suna ruɗa mutane: Cataflam da Voltaren duk diclofenac ne, Brufen kuwa ibuprofen ne. Iyakar abin da babba zai sha a wuni miligiram 150 ne, kuma mafi ƙanƙantar adadin da zai kashe ciwo, cikin mafi ƙarancin kwanaki, shi ake nema. A haɗiye ƙwayar ɗungurungum da ruwa kofi guda, ba a taunawa, ba a daka ta.

Idan ciwon gwiwa ɗaya ne ko targaɗe, tambayi likita ko na shafawa zai wadatar, domin kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Kafin ya ɗora biro a takarda, faɗa masa duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya. Kada kuma ka karɓi ƙwayar da ba ka san sunanta ba, ko wadda ba ta da lambar rajistar NAFDAC a kwalinta.