Mota ta rasa ƙarfi: kafin fita ya yanke salansa, a fara da gwaji

Duk direban da ya taɓa ɗaukar fasinja daga Nima zuwa Aburi ya san inda mota ke faɗin gaskiyarta. Da an wuce Madina da Adenta, an kai Ayi Mensah, sai hawan dutse. A nan tsohuwar Corolla ko Vitz ke fara nishi: ka taka totur har ƙasa, inji na kuka, mota na jan ƙafa. Idan ka kai wa fita, sau da yawa amsa ɗaya ce: “Maigida, katalis ne ya toshe, bari mu fasa shi.”

Wani lokaci da gaskiyarsa. Amma yawanci hukunci ne ba tare da shaida ba, kuma mai mota ne ke biyan kuɗin.

Katalis wata ’yar tukunya ce a jikin salansa, kusa da inji. Cikinta akwai tangaran mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, shi ya sa makanikan Najeriya ke ce masa indomi. An shafe ramukan da ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom, waɗanda ke sauya gubar hayaƙi ta koma iska mai sauƙin illa. Motocin da ake saukewa a tashar Tema daga Amurka da Turai da Koriya suna zuwa da shi, sai dai yawancinsu sun riga sun sha tafiya.

Alamun toshewarsa sanannu ne. Mota na tashi lafiya da safe, amma da ta yi zafi sai ƙarfi ya ragu, musamman a hawa. Shan mai ya ƙaru, ƙasan mota ya yi zafi sosai, wani lokaci ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Idan tangaran ya farfashe, za ka ji ƙarar tsakuwa a cikin salansa.

Matsalar ita ce, wasu cututtukan ma haka suke nunawa. Matatar iska da ƙurar hunturu ta cika, matatar mai mai datti, famfon mai da ya gaji, fulogi ko koyil da suka mutu, kuloci mai zamewa, duk suna kashe ƙarfin mota, kuma gyaransu ya fi araha. Da su ake farawa.

Daga nan sai na’urar bincike. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da mahaɗin OBD-II ƙarƙashin sitiyari. Idan lambar P0420 ta fito, ma’anarta katalis ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. Ba ta ce ya toshe ba, domin salansa mai yoyo ko sansa mai matsala na iya jawo ta. Gwaji mafi sauƙi shi ne fita ya kwance sansar oksijin da ke gaban katalis, hayaƙi ya samu ƙofar fita, a ɗan zaga da motar. In ƙarfi ya dawo, to toshewa ce. In bai dawo ba, a nemi ciwon a wani wuri.

Ko an tabbatar, da sauran tambaya: me ya kashe shi? Katalis ba kasafai yake mutuwa da kansa ba. Fulogin da ba ya kama wuta na tura ɗanyen fetur cikin salansa, ya ƙone a can, ya narkar da tangaran. Injin da ke shan baƙin mai ko ruwan lagireto na liƙe ramukan. Kutsawa cikin ambaliya da salansa mai zafi, abin da direbobin Nima da Maamobi suka sani a damina, na iya tsaga shi. Wanda ya sayo wani a Abossey Okai bai gyara tushen ba, zai sake komawa kasuwa.

Akwai kuma maganar amana. A 2021 farashin rodiyom ya haura dala 25,000 kan oza ɗaya, satar katalis ta yawaita a Ingila da Amurka. Ko mataccen katalis kuɗi ne a wurin masu gwangwan. Don haka ka tsaya a yi aikin a gabanka, ka karɓi tsohon kayanka. Fita mai tsoron Allah ba zai ji haushin wannan ba.

Fasa shi a bar salansa fayau yana iya dawo da ƙarfi, amma hayaƙin bai tafi ko’ina ba. Yana sauka a kan mai wake da shinkafa a bakin titin Nima, da yaran makaranta da ke tsallaka hanya, da mai kabu-kabun da ke bayanka a cunkoso. A unguwar da gidaje ke manne da juna, wannan haƙƙin maƙwabci ne. A gwada, a gano sanadi, sannan a ɗauki zarto.