Daɓen tek na tsohon jirgin ruwa: yaushe ake gyara, yaushe ake cirewa?

Idan aka kira kafinta daga Zongon Lome ya duba tsohon jirgin ruwa mai daɓen katakon tek, abin da zai fara gani shi ne katakon ya koma ruwan toka, ya yi kaushi. Mai jirgi kan ɗauka ya ruɓe ne. Sau da yawa ba haka ba ne. Rana da iskar teku ke ƙona fatar sama kawai, a ƙasa kuwa itacen na nan da mansa, wanda shi ke kare shi daga ruwa da gara.

Abin dubawa shi ne kauri. A kan jiragen shaƙatawa, yawanci ana shimfiɗa tek mai kaurin milimita 10 zuwa 12, a ɗaure shi da kusoshin murɗawa, a toshe kan kowace kusa da ɗan guntun tek, sannan a cike tsakanin katakai da baƙin danƙo. Shekara bayan shekara katakon na cinyewa. Idan kawunan kusoshi sun fara leƙowa, ko danƙon ya rabu da gefen katako, ruwa ya sami hanya ke nan. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba bokitin ruwa, a jira. Wurin da ya daɗe da jiƙa bayan sauran sun bushe, nan ne ruwa ke shiga ƙasa. Kuma ɓarnar da ke cin kuɗi ita ce ta ƙasan, ba ta tek ɗin ba.

In da sauran kauri, gyara ya isa. A ƙwaƙule tsohon danƙo, a ƙara zurfin ramin, a goge man itacen da aseton domin sabon danƙo ya kama, a sake toshe kusoshi, a bi da samfefa sama-sama. Aikin ya fi kyau da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da damshin Lome ke raguwa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne wanki da buroshi mai tauri ko injin feshin ruwa na wankin mota: su ke yashe sassan itacen masu laushi su bar kwari-kwari. Amma in katakon ya koma rabin kaurinsa, babu sauran wurin da danƙo zai zauna, sai cirewa.

A nan tambayar sabon katako ke tasowa. Togo na da tek tun zamanin Jamusawa, farkon ƙarni na 20, kuma hukumar gandun daji ta ODEF, da aka kafa a 1971, na kula da gonakinsa na gwamnati. Mai yawa daga cikinsa Indiya ake kai shi ta tashar Lome. Shi kuwa tek na Myanmar, wanda masu ƙera jirage suka fi so, samunsa ya yi wuya tun da Tarayyar Turai ta ƙaƙaba wa kamfanin katakon gwamnatin ƙasar takunkumi a watan Yunin 2021.

Namu zai yi aiki, sai dai a zaɓa da ido. Bishiyar gona ana sare ta da ƙuruciya, don haka farin gefenta na da yawa, kuma wannan farin ba ya jure ruwa. A ɗauki jan tsakiya kaɗai, marar ƙulli, busasshe sosai, in ba haka ba zai kantare bayan damina ɗaya. Kafinta kuma ya sa kuɗin wasa kayan aiki cikin lissafi, domin tek na dakushe zarto da wuri.

Manyan kwalekwalen masunta da ke tashar Gbétsogbé ba sa cikin wannan magana. Su daga kututturen wawa ake sassaƙa su, akasari a Ghana, kuma gyaransu daban ne.